Wai kyanwa son 'ya'yanta take yi da gaske, kuma laifi ne babba ya yi kukan mutuwarta?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tambaya biyu gare ni amma kar a yi min dariya, an riga an yi min a gida. Ta farko, wai kyanwa son 'ya'yanta take yi irin son da muka sani, ko kawai haka Allah ya halicce ta ba ta ma san me take yi ba? Ta biyu, laifi ne ko rashin hankali ne babba kamata ta zauna tana kukan mutuwar mage? Kyanwarmu Gimbiya ce ta mutu, muna zaton ɓeran da aka sa wa guba ta ci a maƙwabta, ta bar 'ya'ya huɗu ko ido ba su gama buɗewa ba. Abin da ya tsaya min a rai, tana amai tana karkarwa ƙafafun baya ba sa ɗaukarta amma da jan ciki ta koma cikin kwalin da suke ta kwanta musu, a nan muka same ta da asuba. Ilham tun ranar ba ta cin abincin kirki, maigida kuma ya ce mu ji tsoron Allah mutane na mutuwa muna makokin mage. Ga yaran suna ta kuka ban san me zan ba su ba, ga sanyin nan na Jos. Muna Unguwar Rogo.

UmmuKhairat:
Allah sarki Gimbiya. Wlh na karanta sai da hawaye ya zo min. Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki rarrashi Ilham.

Likita_Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da haƙuri. Bari in fara da yaran don su ne na gaggawa, muhawara ta biyo baya. Kafin abinci ɗumi. Ɗan kyanwa a satuttukan farko jikinsa ba ya iya riƙe zafi da kansa, jikin uwa ne bargonsa, kuma a hunturun Jos sanyi kan riga yunwa kashe su. Ki zuba ruwan zafi a gora ki naɗe ta da tawul ki sa a gefe ɗaya na kwalin yadda in zafi ya yi musu yawa za su matsa. Kar ki ba wanda jikinsa ya yi sanyi madara sai ya ɗumama tukuna. Kar a ba su madarar shanu ko ta gwangwani ko ta gari da muke shan shayi, gudawa take sa su kuma gudawa a wannan girman mutuwa ce. Akwai madarar gari ta 'yan kyanwa a shagunan kayan dabbobi, kafin a samo ta nonon akuya da aka tafasa ya huce ya fi na shanu. Da sirinji mara allura, kaɗan kaɗan, duk bayan awa 2 zuwa 3 har da dare, yana kwance rub da ciki, kar ki kwantar da shi rigingine kamar jariri don zai shaƙe. Bayan kowane ci ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa masa ƙasan wutsiya har ya yi fitsari da kashi, ba sa iya yi da kansu sai uwa ta lashe su. Tunda kuma sun sha nononta bayan ta ci gubar ki kai su a duba su. Abin da ya fi duk wannan, in akwai mai kyanwa mai shayarwa a kusa, sau da yawa suna karɓar 'ya'yan wata.

Dan_Gangare:
Ni fa gaskiya ina bayan maigida. Wanda ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 a garin nan, ya ga abin da aka binne, ba zai zauna kukan mage ba. Kuma maganar so, wane so? Ni da idona na ga kyanwa ta cinye ɗanta a shagon babanmu, kai kawai ta bari. Uwa mai so ce za ta cinye ɗa? Ku dai kuna kallon bidiyon Turawa a waya kuna ɗauko abin da ba namu ba.

Nanret_TudunWada:
@Dan_Gangare haba ɗan uwa. Mu ma muna garin nan a shekarun da ka lissafa, ba wanda bai rasa wani ba, ta kowane ɓangare. Amma tausayi ba garin tuwo ba ne da in an ɗiba wa mage na mutum zai ragu. Kakata a ƙauye ba ta taɓa riƙe waya ba balle bidiyon Turawa, da karenta ya mutu kwana ta yi ba ta magana da kowa. A Littafi Mai Tsarki, Karin Magana 12:10, an ce adali yana kula da ran dabbarsa. Maman Ilham sannu, Allah ya ba da haƙuri.

Baffa_Rikkos:
Hajiya akwai mai jego a gidana, ta haifi uku, sun kai kamar sati biyu. In kina so ki turo yaro da su gobe a gwada. Ki yi min magana ta gefe.

Likita_Sadiq:
Madalla Baffa. In an kawo su kar a zube mata su gaba ɗaya, a goga musu tsumman da nata suke kwana a kai ƙamshin ya haɗu, a sa su a tsakiyar nata, a tsaya a gani. In ta fara lasarsu an gama. In tana huci tana kai musu hannu a ɗauke. Bakwai sun yi mata yawa, a ƙara mata abinci sosai a kuma ci gaba da taimaka wa ƙananan da sirinji.

@Dan_Gangare abin da ka gani yana faruwa ban musa ba. Amma yawanci wanda ta ci ya riga ya mutu ne ko an haife shi da lahani ba zai yi rai ba, gawa a cikin sheƙa tana jawo cuta da wari da zai kira muzuru ko kare kan sauran. Wani lokaci kuma haihuwar fari ce, ko yunwa, ko an dame ta da leƙe da ɗauka har ta firgita. Daga nan ne maganar da iyayenmu ke yi ta fito, wai in ka taɓa 'ya'yan kyanwa za ta cinye su. Taɓawar kanta ba ita ba ce, takurawar ce. Ciki take ɗauka na kwana 63 zuwa 65, ta haife su makafi kurame, ita ke yanke cibiya da haƙori, ta cinye mabiyiya, idonsu ba ya buɗewa sai wajen kwana 7 zuwa 10, kuma a kwanakin farko da ƙyar take barinsu ko don ta ci abinci. Ka ga guda ɗaya da ta ci, ba ka lissafa dubban da suka rayu a silin da bayan sito ba.

Dan_Gangare:
To Likita ai ka ƙara min hujja. Duk abin da ka lissafa ilhami ne, ba wanda ya koya mata. Kuma ka bari su yi wata uku huɗu ka ga yadda take musu huci tana korarsu, nan da shekara ɗan nata ma shi zai bi ta. To son nan ina ya tafi?

Zee_Naraguta:
Hhhh Dan Gangare to ita uwar mutum wa ya koya mata? Ranar da na haifi ta fari ba wanda ya ba ni darasi, ina jin kukanta nono ya kawo. In wannan ilhami ne to nawa ma ilhami ne, kuma ba wanda zai ce min ba na son 'yata.

Malam_Isiyaku:
Bismillah. Maman Ilham Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari. Tambayarki ta farko akwai amsarta a hadisi ingantacce da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Allah ya kasa rahama kashi 100, ya riƙe 99 a wurinsa ya saukar da 1 a ƙasa, da wannan ɗayan ne halittu ke jin ƙan junansu har dabba takan ɗaga kofatonta daga kan ɗanta don kar ta taka shi. To ka ga Dan Gangare, abin da kake kira ilhami Annabi SAW rahama ya kira shi, kuma bai raba na mutum da na dabba ba, tushe ɗaya ne.

Ta biyu kuma, Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami ana masa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah SAW bai ce masa mutane na mutuwa ba, ya kula shi ne yana tambayarsa ya Aba Umair me ɗan tsuntsu ya yi. Wannan nake so maigida ya ji game da Ilham, a faɗa masa cikin ladabi. Hawaye da ɓacin rai ba laifi. Abin da aka hana ko a kan mutum shi ne kururuwa da yage tufa da maganar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara. Zaman makoki da karɓar gaisuwa kuwa ba a yi wa dabba.

Zee_Naraguta:
Allah gafarta Malam har da labarin kyanwar Annabi Mu'izza, da ya yanke hannun rigarsa don kar ya tashe ta daga barci.

Malam_Isiyaku:
@Zee_Naraguta wannan ya yaɗu a intanet amma ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi, a daina jingina shi ga Annabi SAW. Ba ma buƙatarsa. Muna da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba har ta mutu. Muna da na Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Annabi ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai kawo a tsakaninku, yana cikin Muwaɗɗa. Ga Abu Huraira kansa da 'yar kyanwar da ya samo sunan daga gare ta.

AbbaNaBukuru:
Tunda ana maganar ko so ne ko ba so ba, ku nemi labarin wata kyanwa da aka sa wa suna Scarlett. A Brooklyn ne, birnin New York na Amurka, 1996, gobara ta tashi a wani tsohon gareji da take ciki da 'ya'yanta 5. Ta dinga shiga wutar tana fito da su ɗaya bayan ɗaya har ta kwashe su duka, gashinta ya ƙone, kunnuwa sun ƙone, idanu sun kumbura sun rufe ba ta gani, 'yan kwana-kwana suka ce da hanci ta bi ta taɓa kowanne sannan ta faɗi. Ɗaya daga cikin yaran ya mutu daga baya, ita kuma ta rayu har 2008. Ilhami ai cewa yake ka guji wuta, duk dabba ta san wannan. Me ya mayar da ita ciki har sau biyar?

Dan_Gangare:
Na ce muku labarin Turawa za a kawo ai.

Hajiya_Yalwa:
To ga na gida ɗana, ni na girme ku duka a zauren nan. Muna Ali Kazaure lokacin, tsohon gida mai rumbu, wata baƙar kyanwa ta haihu a ɗakin girki. Uwar mijina Allah ya ji ƙanta ba ta son baƙar mage, ta sa almajiri ya zuba 'ya'yan a buhu ya kai su can bakin rafi wajen Dilimi ya zubar, uwar ba ta nan ta fita neman abinci. Yaran nan wallahi kukan da kyanwar nan ta yi ban taɓa jin irinsa ba, ba miyau miyau ɗin da kuka sani ba, wani kira ne daga maƙoshi, ta shiga ɗaki ta fita, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta hau rumbu, ta zo ta tsaya a gabana tana kallona nonon ya cika yana ɗiga, dare ba barci. Ana nan sai ta ɓace. Da ta dawo da ɗa ɗaya a baki ta dawo, ta riƙe shi ta fatar wuya, duk ta yi caɓa caɓa da laka, ta ajiye shi a inda ta haife su ta koma, ta kawo na biyu, na ukun ba ta same shi ba ko ta same shi ya mutu. Tsohuwar nan da ta sa aka zubar da su ita da kanta ta dama fura ta zuba mata nono a sakaina, ba ta ce komai ba mu ma ba mu ce ba. Ku kira shi abin da kuka ga dama.

Malam_Isiyaku:
Hajiya kin tuna min da hadisin Abu Dawud, sahabbai a tafiya suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu, ta zo tana ta shawagi a kansu, Annabi SAW ya zo ya ce wa ya tayar wa wannan hankali da 'ya'yanta, ku mayar mata da su. Masu zuba su a buhu a kai bola su ji.

Sani_Katako:
Amma fa maganar baƙar mage kar a raina ta. Mu an ce mana aljanu na shiga jikinsu, kuma gashin mage in mace ta haɗiya ba ta haihuwa.

UmmuKhairat:
Kai Sani, ni da maguna na tashi a kan gado ɗaya muke kwana, 'ya'yana shida yanzu, in gashin ne da ya hana ni hutawa na gode masa hhhh

Likita_Sadiq:
@Sani_Katako gashi ba ya hana haihuwa. Abin da ke da tushe shi ne wata ƙwayar cuta da ake kira tokzoplasma da ke iya kasancewa a kashin kyanwa, in mai ciki ta kamu da ita karon farko tana iya taɓa ɗan tayi. Maganin abin, mai ciki ta bar wa wani kwashe kashin, a wanke hannu, a wanke ganye da kyau, a dafa nama ya nuna don ta naman da bai dahu ba ma ana kamuwa. Launin gashi kuwa gado ne kawai. Tunda na shigo, abu biyu da ke kashe mana maguna a garin nan bayan shinkafar ɓera: farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa don hantarta ba ta iya sarrafa shi, da maganin ƙuma na karnuka ko na feshi da ake shafa musu. Albasa da tafarnuwa ma suna lalata musu jini, a rage ba su ragowar miya. Kuma a yi musu rigakafin ciwon haukan kare, ba karnuka kaɗai yake kamawa ba. Muna zaune kusa da cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke nan tun 1924, ga sashen likitan dabbobi a Jami'ar Jos, ba mu da uzuri.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Baffa an kai su, ta yi musu huci da farko sannan ta karɓi uku, ƙaramin ne take turewa shi muka dawo da shi ina ba shi da sirinji yadda Likita ya ce. Malam na karanta wa Baban Ilham labarin Abu Umair, ya yi shiru, ya ce shi ba hana yarinya kuka ya yi ba, ni ce babba. To ni ɗin fa? Shekaru muna tare da Gimbiya, in na idar da sallar asuba tana bakin darduma, lokacin da na yi ɓari ina kwance ba ta bar gefena ba. Har yanzu in na buɗe gwangwanin kifi sai na waiga. Kuma almajirin da aka ba gawar ya kai bola na bi shi na karɓo muka haƙa rami a bayan gida muka rufe, shi ma an ce na yi bidi'a.

Malam_Isiyaku:
Ba bidi'a ba ce Hajiya matuƙar ba wanka da likkafani da sallah aka yi ba. Rufe mushe a ƙasa ya fi jefa shi a hanya ya cutar da mutane.

Likita_Sadiq:
Ta ɓangarenmu ma daidai kika yi, wadda guba ta kashe in aka yar a bola kare ko angulu ya ci shi ma ya tafi. Ramin dai ya yi zurfi. Ƙaramin da take turewa ki sa masa ido sosai, sau da yawa uwa na jin wanda ba shi da lafiya kafin mu gani.

Nanret_TudunWada:
Maman Ilham babba ma zuciya gare shi. Ni abin da na lura mutane ba kukan ne ke damunsu ba, kunya ce, kowa na yi a ɓoye. Maƙwabcinmu tsohon soja da akuyarsa ta mutu cewa ya yi mura ce ta sa idonsa ja.

AbbaNaBukuru:
Mutanen Masar na zamanin Fir'auna in kyanwar gida ta mutu duk 'yan gidan aske gira suke yi don makoki, Herodotus masanin tarihin Girka ya rubuta haka sama da shekara 2,400 da suka wuce. Ka ga Dan Gangare wannan a Afirka ne ba Turai ba.

Dan_Gangare:
Su ai bauta mata suke yi, kar ka kawo min su. Ni ban ce a zalunci dabba ba, shagona akwai muzuru kullum sai na saya masa kan kifi, shi ke tsare min buhuna. Amma aiki yake min ina biyansa. In ya mutu zan nemo wani. Abin da nake tsoro mu koma irin waɗanda ke kai kyanwa asibiti da mota maƙwabcinsu na kwana da yunwa, na ga irinsu a Abuja.

Hajiya_Yalwa:
Wanda zai bar maƙwabci da yunwa ko ba shi da mage zai bar shi ɗana.

Zee_Naraguta:
Ni wata tambayar ce ta taso min. Tawa haihuwa take yi ba hutu, tana shayarwa wani cikin ya shiga, duk ta rame ta zama ƙashi, 'ya'yan kuma na rasa masu karɓa, kowa na ba sai ya ce yana da ita. Ba na son abin buhu ya faru a gidana. Likita ana yi musu tsarin iyali ne?

Likita_Sadiq:
Ana yi. Macen ƙaramar tiyata ce a cire mahaifa da ƙwai, namijin dandaƙa, duk da allurar barci, cikin kamar kwana 10 ta warke. Suna iya ɗaukar ciki tun suna wata 4 zuwa 6, kuma a shekara tana iya haihuwa sau biyu ko uku, shi ya sa kike ganin ta ƙare. Ki bari ta yaye waɗannan tukuna, kuma kar ki raba su da ita kafin sati 8, in da hali 12, a lokacin ne take koya musu farauta da binne kashi da wasa ba cizo. Kar ki yarda da mai cewa zai yi mata allurar hana haihuwa ta mutane.

Sani_Katako:
To wannan kuma ba canza halittar Allah ba ne? Yanzu aka gama cewa tana son 'ya'ya, sai kuma a hana ta haihuwa?

Malam_Isiyaku:
Malamai sun yi saɓani a kai Sani. Akwai waɗanda suka ƙi in ba a dabbar da ake ci ba, akwai waɗanda suka halatta in akwai maslaha kuma ba azabtarwa, suna kafa hujja da cewa Annabi SAW ya yi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu. Ni na fi karkata ga halacci a irin halin da Zee ta faɗa.

Sani_Katako:
Rago ai don nama ya yi daɗi ne Malam, mage cin ta za a yi?

Baffa_Rikkos:
Ku ci gaba da muhawararku, ni dai yanzu shida ke tsotson tawa kuma kifin busasshe ya yi tsada a Farin Gada, duk wanda ya yi dogon rubutu a sama ya turo nasa kason, Dan Gangare kai ne farko.